Filin Da Ba A Nomawa: Abin Da Na Gani A Dausayin Estoniya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka domin in ba masu karatu labarin wani irin wuri da na ziyarta har sau uku a ƙasar Estoniya, inda nake karatu a birnin Tartu yau shekara biyu ke nan. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, na lura duk lokacin da ɗan'uwanmu ya zo Turai ya aiko da labari gida, zancensa ba ya wuce jiragen ƙasa da dogayen benaye da manyan kantuna, har mai karatu ya ɗauka babu kome a nahiyar sai siminti da gilashi. Ni kuwa abin da ya fi tsaya mini a rai wani fili ne da ba a nomawa, ba a kiwo a cikinsa, ko bukka ba ta kafuwa a kansa, wanda da a gida ne da tuni mun yanke masa hukuncin cewa filin banza ne. Amma mutanen nan idan suka yi baƙon da suke ji da shi, can suke fara kai shi.

Estoniya tana arewacin Turai, a bakin Tekun Baltik, Rasha na gabas da ita, Latbiya na kudu, Finlan kuma na tsallaken ruwa ta arewa. Faɗinta murabba'in kilomita 45,000 ne da 'yan kai, wato kusan daidai da Jihar Yobe inda na fito, sai dai jama'arta ba su kai miliyan ɗaya da rabi ba. Kusan rabin ƙasar daji ne, fiye da kashi ɗaya cikin biyar kuma ƙasa ce irin wadda nake son in bayyana.

Da harshensu sunan wurin raba. Ranar da na fara jin kalmar sai da na yi murmushi, domin kunnena ya ji ta kamar raɓa, kuma da na tsaya a wurin da asuba na ga yadda danshi ya kwanta a kan kowane tsiro, sai na ce sunan bai yi nisa da gaskiya ba. Hausa ba ta da kalmar da ta yi daidai da shi. Na so in kira shi fadama, sai na ga zan ɓatar da mai karatu, domin fadamarmu tana ƙasa da tudu, kogi ne yake shayar da ita, yana kawo mata laka mai albarka duk damina, shi ya sa shinkafa da albasa da alkama suke yi a cikinta. Raba kuwa akasin haka ne ta kowace fuska. Ya fi ƙasar da ke kewaye da shi tudu, babu kogin da yake shiga cikinsa, ba ya shan kome sai ruwan sama da dusar ƙanƙara, saboda haka ba ya samun taki daga ko'ina. Zan kira shi dausayi a wannan wasiƙa, amma a riƙe cewa dausayi ne mai tsami kuma matalauci, wanda tsiro kaɗan ne suke iya zama a kansa.

Ziyarata ta farko zuwa dausayin Viru ce, a cikin gandun ƙasa na Lahemaa, wanda aka kafa a 1971 kuma shi ne gandun ƙasa na farko a duk faɗin Tarayyar Sobiyet, wadda Estoniya take cikinta a wancan zamani. A farkon watan Yuni ne, lokacin da dare a can bai fi a ce magariba ce ta daɗe ba, domin rana tana faɗuwa bayan ƙarfe goma na dare ta kuma fito wajen ƙarfe huɗu. Mun bar Tallinn, babban birnin ƙasar, da misalin ƙarfe biyu na dare, ni da wani abokin karatuna ɗan ƙasar, muka bi babbar hanyar da ta nufi Narva, kuma cikin kimanin sa'a ɗaya muka ajiye mota a bakin daji. Babu ƙofa, babu mai gadi, babu mai karɓar kuɗi. Akwai dai allo mai taswira, da makewayi mai tsafta, da hanya.

Da fari hanyar ta ratsa dajin fayin, bishiya mai miƙaƙƙen jiki da ganye siri-siri kamar allura wanda ba ya zuba ko da hunturu. Ƙasan dajin rairayi ne, an shimfiɗa masa wasu ƙananan tsiro masu laushi har ba ka jin takun ƙafarka. Muna cikin tafiya sai na ga bishiyoyin sun fara gajarta, waɗanda suka fi bene tsawo suka koma tsawon ɗaki, na tsawon ɗaki suka koma tsawon mutum, can sai ƙasa ta ƙare, katako ya fara. An shimfiɗa shi ne tsawon kilomita uku da rabi a kan dausayin, sashen farko mai faɗi wanda keken guragu zai iya bi har zuwa hasumiyar kallo, sauran kuwa faɗinsa bai wuce na mutum ɗaya ba, idan kun haɗu da mai zuwa sai kowa ya karkata ya ba ɗan'uwansa hanya.

Daga saman hasumiyar na ga abin da har yau ban sami wanda zan kwatanta shi da shi ba. Fili ne shimfiɗaɗɗe, launinsa ja-ja da kore da ruwan ƙasa a cakuɗe, ga tafkuna ƙanana barbaje a cikinsa baƙaƙe wuluk, hazo yana tashi daga kowannensu kamar an ɗora tukwane a kan murhu. Babu kukan zakara, babu ƙarar babur, babu kiran kowa. Mutumin da ya tashi a garin da ko tsakar dare ba a rasa motsi, irin wannan shiru yakan fara ba shi tsoro kafin ya ba shi daɗi, kuma ban ɓoye wa abokina ba cewa minti goma na farko na ƙagu mu sauka. Shi ne ya nuna mini wata bishiyar fayin da ba ta wuce ƙirjina ba, a murɗe kamar sandar tsoho, ya ce kada girmanta ya ruɗe ni, irinta takan haura shekara ɗari a haka, domin saiwarta tana cikin ruwan da ba shi da abinci. 'Yar'uwarta da muka wuce a kan rairayi, wataƙila sa'arta ce, ta isa a yi azarar gida da ita.

Lokacin sallar asuba ya same mu a nan. Na duƙa bakin wani tafki zan yi alwala sai na ga ruwan ja kamar shayin da ba a sa wa madara ba, na tsaya ina shakka, kafin na tuna karatun zaure inda aka koya mana cewa ruwan da ya canja launi saboda mazauninsa, ko saboda abin da ya tsiro a cikinsa kamar gansakuka, yana nan a matsayinsa na mai tsarkakewa. Ban taɓa zaton wannan mas'ala za ta yi mini rana a bakin Tekun Baltik ba. Ruwan ba shi da wari, yana da laushi a hannu, kuma ƙwayoyin cuta ba sa jin daɗinsa saboda tsaminsa, shi ya sa mutanen ƙasar suke wanka a cikinsa. An ma yi musu matakala a bakin wasu tafkunan. Kifi kuwa da wuya ka same shi a ciki.

Mai ginin wannan wuri duka gansakuka ce, wani iri da masana suke kira sifagnom. Ba ta da saiwa. Kanta yana tsirowa sama, gindinta yana mutuwa a ƙasa, kuma jikinta yana iya riƙe ruwan da ya ninka nauyinta busasshiya kusan sau ashirin. Tana kuma tsamar da ruwan da take ciki, ta hana iska shiga, saboda haka abin da ya mutu a ƙarƙashinta ba ya gama ruɓewa, sai dai ya taru ya danne juna shekara bayan shekara ya zama wata baƙar ƙasa mai laushi da mutanen nan suke kira turvas. Labarin ya faro ne bayan ƙanƙarar da ta rufe arewacin Turai ta janye, fiye da shekara dubu goma da suka wuce, ta bar tafkuna da kwazazzabai; tsiro suka cike su sannu a hankali, gansakuka ta hau kai, ta ci gaba da hawa har tsakiyar dausayin ya zarce gefensa kamar ƙullin da ya kumbura a cikin ƙwarya. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne jinkirin aikin. Baƙar ƙasar tana ƙaruwa da kimanin milimita ɗaya ne a shekara. Na zauna na yi wa kaina lissafi na kimantawa: wanda ya nutsa hannu taƙi ɗaya ya isa zamanin jihadin Shehu Usmanu na 1804, wanda ya haƙa mita ɗaya ya isa zamanin Bagauda a Kano, alhali kuwa a dausayi da yawa kaurin ya kai mita biyar ko shida, a wasu ma ya fi haka nesa.

Saboda rashin ruɓewar nan ne ake tono abubuwan al'ajabi a irin waɗannan wurare. A 1950 masu haƙar baƙar ƙasa a Tollund ta ƙasar Denmak suka tarar da gawar wani mutum fuskarsa lafiya lau har da gashin gemu, suka kira 'yan sanda suna zaton kisan kwanan nan ne, ashe ya fi shekara 2,000 a kwance. A Yaƙin Duniya na Ɗaya kuma an riƙa busar da gansakukar ana ɗaure raunukan sojoji da ita maimakon auduga. Tsiron da suka yarda suka zauna tare da ita kowanne da dabararsa. Akwai wani ɗan mitsitsi mai jan ganye da gashi mai ɗigon danƙo, wanda da ya rasa abinci a ƙasa sai ya koma cin ƙwari, ƙuda ya sauka ya manne, ganyen ya naɗe shi. Akwai kuma wani mai farin fure a gefen dausayin wanda ƙamshinsa yake sa ciwon kai idan rana ta yi zafi, na kuwa ɗanɗana.

A nan ne na yi kuskuren da ya koya mini ladabin wurin. Na hango ɗan tsiron nan mai cin ƙwari taku biyu daga katako, na ga ƙasar kamar darduma, sai na sauka zan ɗauki hoto. Taku na farko ya riƙe ni, na biyu kuwa ƙafata ta shige har gwiwa, da ƙyar na zaro ta da takalmin. Wata dattijuwa da ke bayanmu da sandarta ta tsaya ta yi magana da harshensu, fuskarta a ɗaure. Na ɗauka tausayina take ji, har na fara godiya, sai abokina ya fassara mini cewa ba ta ni take yi ba. Cewa ta yi wandona zai bushe kafin azahar, amma ramin da na bari zai daɗe shekaru bai cike ba. Na ji kunya ƙwarai, irin kunyar baƙon da ya taka shimfiɗar mai gida da takalmi. Na ba ta haƙuri, ta gyaɗa kai ta wuce. Tun daga ranar na fahimci cewa katakon nan ba don ya tsare ƙafar mai ziyara kaɗai aka shimfiɗa shi ba.

Kada mai karatu ya ɗauka mutanen nan haka suka tashi da ƙaunar dausayi. Kakanninsu tsoronsa suke ji, suna ba da labarin hasken da yake yaudarar matafiyi da dare ya kai shi ga halaka, ko da yake a lokutan yaƙi sukan gudu su ɓuya a tsibiran da ke tsakiyarsa, kamar yadda waɗanda suka ƙi miƙa wuya ga mulkin Sobiyet bayan Yaƙin Duniya na Biyu suka yi shekaru a dazuzzuka da dausayi. Manomi kuwa kallon asara yake yi masa. An fara yanka masa magudanai tun kafin ƙarni na 20, amma a zamanin Sobiyet, da manyan injuna suka zo, aikin ya zama na gwamnati: a tsiyaye ruwan, a shuka itatuwan katako, ko a yi gona, ko a kankare baƙar ƙasar a ƙona. Sakamakon shi ne, daga ƙasar dausayin da ta haura kashi 20 cikin 100 na faɗin ƙasar, abin da ya rage a kan halittarsa bai kai kashi 10 ba.

Abin da ya tsira ya tsira ne da gardama. A ƙarshen shekarun 1960 da farkon na 1970 wani masanin tsirrai na Jami'ar Tartu mai suna Viktor Masing, tare da wasu 'yan'uwansa masana, suka buɗe muhawara a rubuce da masu tsara aikin tsiyayewar, muhawarar da har yau ake kira yaƙin dausayi. Abin da ya burge ni a labarin shi ne, ba su tsaya ga cewa wurin yana da kyau ba, domin sun san jami'in da aka ba umarnin ya cika adadin hekta ba ya jin wannan yare. Sun yi masa magana da yarensa, suka nuna cewa tsakiyar dausayi ko an tsiyaye shi ba ya ba da katako ko amfanin gona da zai biya kuɗin aikin, cewa rumbun ruwa mai tsafta ne, cewa 'ya'yan itacen da talakawa suke tsinka a kansa ma dukiya ce. A 1981 aka ware dausayi kusan talatin aka hana taɓa su. A ƙarƙashin mulkin da jayayya da hukuma take iya jawo wa mutum ɗauri, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma a ganina dabarar ta fi jarumtakar muhimmanci.

A gefen dausayin Viru ɗin kansa akwai sashen da aka kankare a wancan zamani, kuma na so duk mai ziyara ya tsaya ya dube shi, domin ya fi allon bayani iya magana. Bayan ka fito daga wuri mai launi da tafkuna sai ka tarar da fili mai duhu, wanda shekaru da dama bayan injuna sun tafi bai koma yadda yake ba. Yanzu hukumar kula da dazuzzukan gwamnati, wadda ake taƙaita sunanta da RMK, da ƙungiyoyin kare muhalli suna bin tsofaffin magudanai a wurare da yawa suna toshe su domin ruwa ya dawo, gansakuka ta sake kamawa. Jikokin waɗanda aka biya su haƙa rami ana biyansu su cike shi. Duk da haka ba zan wanke su tas ba, domin har gobe Estoniya tana cikin manyan masu sayar wa duniya baƙar ƙasar nan, wadda masu renon furanni da kayan lambu a Turai da wajenta suke cika tukwanensu da ita. Suna kare wani dausayin da hannun dama, suna kankare wani da hagu, kuma su kansu suna ta muhawara a kan haka, kamar yadda wasu mazauna karkara suke ƙorafi idan aka toshe magudanai ruwa ya kusanci dajin da suka saba amfana da shi.

Dalilin da ya sa duniya ta damu da zancen a yanzu shi ne sauyin yanayi. Irin wannan ƙasa ba ta wuce kashi 3 cikin 100 na doron duniya ba, amma sinadarin kabon da ta binne ya fi wanda ke jikin dukan itatuwan dazuzzukan duniya. Muddin tana jiƙe yana nan a kulle. Da zarar an tsiyaye ta iska ta shiga, abin da ya ƙi ruɓewa shekara dubbai sai ya fara ruɓewa, kabon ɗin ya tashi sama ya ƙara ɗumama duniya, idan kuma wuta ta kama ta takan ci ta ƙarƙashin ƙasa makonni, kamar yadda aka gani a Indunisiya a 2015 lokacin da hayaƙi ya turnuƙe ƙasashe maƙwabta. Nahiyarmu ma tana da nata kason, domin a 2017 masana suka bayyana cewa a tsakiyar kwarin Kwango akwai irin wannan ƙasa mai faɗin murabba'in kilomita kusan 145,000, wato ta ninka Estoniya sau uku.

Ziyarata ta biyu da ta uku zuwa Soomaa ne, a kudu maso yammacin ƙasar, gandun da aka kafa a 1993 wanda ma'anar sunansa ita ce ƙasar dausayi. A can ne mutum yake ganin tudun da idonsa, domin a gefen dausayin Kuresoo, bayan ka ratsa daji mai danshi da sauro, sai ka tarar da gangare mai tsayin kusan mita takwas, ka hau shi da matakala, kana sane cewa duk abin da kake hawa gansakuka ce da ruwa. Mutanen yankin suna cewa shekararsu tana da yanayi biyar, na biyar ɗin shi ne ambaliyar da take zuwa idan dusar ƙanƙara ta narke wajen Maris da Afrilu, koguna su cika su malala cikin daji da hanyoyi har ruwa ya tashi kusan mita biyar a shekarar da ta yi ƙarfi. Ba sa kiranta masifa. Tun kakanni suna da jirgin da suke sassaƙawa daga kututturen itace guda, haabjas, wanda hukumar UNESCO ta sa sana'ar sassaƙa shi cikin al'adun da suke bukatar ceton gaggawa a 2021. Da na gan shi a jingine na tuna kwalekwalen Dufuna da wani makiyayi ya tarar yana haƙar rijiya a jiharmu a 1987, wanda aka ƙiyasta shekarunsa da kusan 8,000, na gaya wa mai yi mana jagora, ya ce bai taɓa jin labarinsa ba, ya sa na rubuta masa sunan.

A watan Satumba, lokacin da tsuntsaye suka gama ƙyanƙyasa, ana yarda a sauka daga katako tare da jagora, a ɗaura wa takalmi wani faffaɗan abu kamar faifai wanda yake raba nauyin mutum don kada ya nutse. Tafiyar kamar kana taka katifar da aka ɗora a kan ruwa ce, ka taka nan can ya motsa. Jagoran ya ɗauki sanda doguwa ya soka ta da hannu ɗaya ta shige duka ba ta tarar da ƙasa ba. Lokacin ne kuma wasu jajayen 'ya'ya masu tsami suke nuna a kwance a kan gansakuka, tsofaffi da yara suna tsinka da bokitai, domin dokar ƙasar ta ba kowa damar yawo a daji da tsinkar 'ya'yan itace da laimar kwaɗin da ake ci, muddin bai yi ɓarna ba. A wuraren da aka keɓe don kwana hukuma takan ajiye itacen wuta kyauta, kuma ban ga wanda ya ɗora shi a mota ya kai gida ba. Dajin yana da beyar da kyarkeci da wata babbar dabba dangin barewa mai tsayin doki, amma sawunsu kawai na gani. Abin da ya kamata mai zuwa ya kiyaya da gaske shi ne kaska, wadda take ɗauke da cutar da kan taɓa ƙwaƙwalwa, don haka a sa dogon wando a cusa shi cikin safa, a kuma duba jiki bayan an dawo.

Na bar abin da ya fi taɓa ni zuwa nan. A ɗaya ziyarar tawa ta Soomaa, a tsakiyar Yuni, muna kan katako a Kuresoo, wani ɗan tsuntsu mai dogayen ƙafafu da bayansa mai ɗigo-ɗigo ya tashi ya sauka a kan wata gajeriyar fayin yana ta ƙara, alamar 'ya'yansa suna kusa. Jagoran ya ce sunansa mudatilder, ya ce baƙo ne, wata uku ko huɗu kawai yake yi a nan, sauran shekarar yana Afirka kudu da Sahara. Na karɓi madubin hangen nesa na dube shi da kyau, sai na ga ai na san shi. Shi ne ɗan tsuntsun da yake bin bakin ruwa a gonakin shinkafa a fadamar Hadeja da Nguru da sanyin hunturu, wanda muna yara muke jifa da gwafa ba mu taɓa tambayar inda yake tafiya idan bazara ta yi ba. Nauyinsa bai kai na ƙwai biyu ba, amma yana ƙetare Bahar Rum da Sahara sau biyu a shekara, kuma ba shi kaɗai ba ne, akwai dangoginsa da agwagin ruwa da suke sauka a fadamarmu dubun-dubata daga arewacin Turai da Rasha. Na ce wa jagoran a wurinmu ma baƙo muke ɗaukarsa, muka yi dariya, domin tsuntsun da ya fi daɗewa a garinmu a kan garinsu ban san wanda ya fi cancanta ya kira shi baƙo ba.

Wannan ne ya sa nake ganin zancen dausayin Estoniya ya shafi masu karanta jaridarka. Duk katakon da suka shimfiɗa da magudanan da suka toshe ba za su amfani wannan tsuntsu ba idan ya iso Nguru ya tarar da ruwa bai zo ba. Tafkin Nguru da mashigin Marma shi ne wuri na farko da Nijeriya ta sa a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayi, a shekarar 2000, amma kowa a yankin ya san yadda ambaliya ta ragu tun bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, da yadda ciyawar kachalla ta toshe hanyoyin ruwa. Ba ina cewa mu kwaikwayi Estoniya ƙafa da ƙafa ba, domin dausayinsu ba ya ciyar da kowa, namu kuwa manomi da masunci da makiyayi duk a kansa suke, kuma ba za a ce musu su tsaya a kan katako ba. Abin da nake ganin ya dace mu ɗauka shi ne abin da Masing ya yi, wato a lissafa wa mai yanke hukunci da alƙaluma abin da ruwan da ya malala a fadama yake haifarwa na kifi da shinkafa da ciyawa da ruwan rijiyoyi, kafin a kira shi ruwan da ya tafi a banza. Sannan a sauƙaƙa wa mutane zuwa su gani. A Viru na tarar da 'yan firamare da malamarsu kwance a kan katako suna leƙen tsiro mai cin ƙwari, ni kuwa na yi firamare da sakandare a garin da bai kai tafiyar rabin yini zuwa matattarar tsuntsaye ta Dagona ba, ba a taɓa kai mu ba ko sau ɗaya.

Roƙona gare ka, Malam Edita, shi ne ka tura wakilinka Dagona a watan Janairu, lokacin da baƙin suka gama hallara, ya kwana biyu tare da masunta da ma'aikatan gandun, ya rubuto abin da ya gani. 'Yan'uwanmu da ke karatu ko aiki a Estoniya da Finlan da Latbiya kuma, motar haya daga Tallinn tana sauke mutum a mahaɗar hanyar Loksa, daga nan tafiyar ƙafa kaɗan ce zuwa bakin katakon Viru, kuma ba a biyan ko sisi kuɗin shiga. Ni dai idan Allah Ya kai mu hutun Disamba zan zo gida, kuma jagoran nan na Soomaa ya sa na yi masa alkawarin zan aiko masa da hoton mudatilder a bakin gonar shinkafa, domin ya ce shekara ashirin yana kallon tafiyarsa bai taɓa ganin inda yake sauka ba.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah Ya ƙara wa jaridarka albarka.

Naka,
Mai karanta jaridarka daga Tartu, Estoniya.